Layin da Ya Bi Shanu

Duk wanda ya sayi kwamfutar hannu da ɗan firinta yanzu, sai ya kama rumfa a bakin titi ya rubuta cewa ana cike fom ɗin jami'a. Na ga irin rumfunan nan daga Gwandu har Kalgo, kuma ban hana kowa neman abincinsa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda kuke cewa aikin ba komai ba ne, danne-danne ne kawai, suna da ranar haihuwa da hoto, shi ke nan. To ku gyara zama. Na haura shekara talatin a kan wannan tebur, kuma har gobe gabana yana faɗuwa idan ɗalibi mai babban maki ya shigo shagona. Mai ƙaramin maki ba ya ba ni tsoro, don ko na yi kuskure abin da zai rasa kaɗan ne. Mai babban maki kuwa ƙwai ne aka danƙa maka a tafin hannu, aka ce ka ratsa kasuwa da shi.

Fom na farko da na taɓa cikewa na takarda ne, a shagon Malam Bitrus, wani malamin lissafi mutumin ƙasar Zuru da ya yi ritaya ya ƙi barin Gwandu. Kayan aikinmu a lokacin fensir ne da reza da kilina ta goge rubutu da rula, sai wata tsohuwar tafireta mai cin takarda. Wata shida na yi a wurinsa bai bar ni na taɓa fom na gaske ba. Ina fere fensir, ina cike 'yan ƙananan gidajen nan a kan kwafi, shi kuma yana ɗaga takardar sama yana duba ta a hasken ƙofa. Idan baƙin fensir ya ɗan leƙa waje sai ya tura mini ita da yatsa ɗaya, ba ya ko magana. Ranar da ya ba ni fom na gaske, na wata yarinya 'yar Ceberu, sai da na wanke hannu sau biyu don gumi. Da na gama ya duba, ya ce rubutun ya yi, amma aikin bai yi ba. Na ce me ya rage? Ya ce, "Ka tambaye ta wa zai karɓi wasiƙarta idan ta zo? Akwatin gidan waya na wa ka rubuta? Mai akwatin yana nan da rai?" Ban tambaya ba. Ya ce rubutu kowa ya iya, tambaya ita ce sana'ar.

Ga waɗanda ba su san yadda abin yake ba, jarrabawar shiga jami'a maki ɗari huɗu ce. Kowane yaro yana zaɓen makarantu tun kafin ya zauna, wato tun bai san abin da zai samu ba. Manyan jami'o'in nan da kowa ke rububi, musamman fannin likitanci, ba sa ko kallon wanda ya sa su a zaɓi na biyu, kuma cikin waɗanda suka sa su a farko ma sai sun sake tankaɗe da rairaya. Sannan makin shekara ɗaya yake yi. Idan shekarar ta wuce ba ka shiga ba, ya lalace, ko da ka fi kowa a jiha. Saboda haka rabin aikina faɗa ne da iyaye. Wani alhaji ya taɓa zuwa mini da ɗansa mai maki ɗari da saba'in, ya ce lallai likita, kuma a jami'ar da ta fi kowace tsada wajen maki. Na ce Alhaji, wannan maki ko bakin ƙofa ba zai kai shi ba. Ya ce ai rabo ne. Na ce ƙwarai, amma ko rabo yana son a tare shi a hanyar da zai biyo. Ya yi fushi ya tafi wata rumfa, suka cike masa yadda yake so, yaron ya zauna gida shekara guda.

Dabarata a kan haka ita ce, idan ban san ƙarfin yaro ba, sai na sa masa makaranta mai sauƙi a zaɓin farko. Idan sakamako ya fito da kyau, akwai damar canji, sai mu ɗaga shi sama. Dabarar ta yi mini aiki shekara da shekaru.

Da aka koma kwamfuta sai akwatin gidan waya ya zama layin waya. Kowane ɗalibi da layinsa, kuma duk abin da ya shafe shi a kan layin nan yake. Ta nan ake ganin maki, ta nan ake turo lambar sirri idan za a canza makaranta. Canjin ma ba a shago irin nawa ake yi ba, sai an je cibiya mai izini, tamu a Kalgo take, yaro ya dangwala yatsa, a turo lamba a layin, a shigar da ita kafin 'yan mintoci su wuce. Yawancin yaran ba su kai shekarun da za a yi musu rajistar layi da sunansu ba. Don haka na kafa doka a shagona: uba ko wani babba ya sayi sabon layi da sunansa, ni kuma in sa shi a ambulan, in rubuta sunan yaro, in jefa a wani gwangwanin biskit da ke cikin durowata. Layi ba ya fita daga gwangwanin nan sai yaro ya shiga makaranta. Akwai kuma wata ƙaramar waya da nake ajiyewa musamman don wannan aiki.

Sau ɗaya na karya dokar nan, kuma ita ce shekarar da ba na son tunawa.

Saura kwana biyu a rufe rajista, shago ya cika har waje, janareta yana tari, sai ga wani Bafillace dogo da saurayi a bayansa. Daga wata ruga suke kusa da Dalijan. Sunan mutumin Altine, saurayin kuma Manu, shekararsa sha bakwai, ya gama sakandare a nan Gwandu.

"Malam, ɗan wana na," in ji Altine. "An ce kai ka iya aikin ga."

Na ce, "Ina ubanai?"

"Shina gida. Ai ɗan hwari na, ka san halinmu."

Na sani kuwa. A wurinsu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama inda ake maganarsa, balle ya riƙo hannunsa ya kawo shi gari. Duk abin da ya shafi yaron sai dai baffansa ya tsaya. Uban, Malam Sambo, yana da waya, kuma manomi ne mai zama wuri ɗaya, amma ba za a sa lambarsa a takardar ɗan fari ba. Na ce wa Altine ya je ya sayo sabon layi. Ya je ya dawo ya ce mai rajistar layi ya tafi Birnin Kebbi, sai jibi. Jibi kuwa an rufe.

"Ga wayata," ya ce, "kullum tana aljihu. Ba ni rabuwa da ita."

Mutum ashirin suna jira. Na karɓi lambar na rubuta. Ban tambaye shi me yake yi ba, ban tambaye shi ina wayar take kwana da damina ba. Na tambayi Manu me yake son karanta, ya sunkuyar da kai ya ce likita, a hankali kamar ya yi sata. Na yi murmushi a raina, don na ji wannan kalma sau dubu. Na bi dabarata, na sa masa wata makaranta ta kusa mai sauƙin shiga, na ce idan Allah ya ba da maki sai mu canza.

Ranar da sakamako ya fito suka zo tare. Na karɓi wayar Altine na tura saƙo, amsa ta dawo. Ɗari uku da goma sha bakwai. Na karanta sau uku, na cire tabarau na goge na sake karantawa. Tun da na buɗe shago ban taɓa riƙe maki irin wannan ba. Da wannan maki, yaron da ya tashi yana kiwon maruƙa zai iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan kowa a ƙasar nan. Altine ya ce, "Ya ci, ko bai ci ba?" Na ce ya ci har ya ture tukunyar. Na ce musu kada mu yi gaggawar canji, mu jira manyan jami'o'i su faɗi makin da suke so, don mu san wadda za mu nufa. Wannan ma shawara ce mai kyau. Sai na miƙa wa Altine wayarsa. Layin yana hannuna a ranar, gwangwani yana cikin durowa kusa da gwiwata, na miƙa masa ya sa a aljihu.

Damina ta yi nisa, gero ya fara bununi, sai babbar jami'ar da muke hari ta fitar da sanarwa. Makin Manu ya wuce abin da suka yanka da tazara mai kyau. Amma wanda ya sa su a zaɓin farko kaɗai zai cike fom ɗin tantancewa, kuma za su rufe ranar Juma'a ta sama da ƙarfe huɗu na yamma. Kwana goma ke nan. Na aika aka kira Manu, ya zo ranar Alhamis shi kaɗai. Na ce ina Baffa? Ya ce ai tun saukar ruwa ya kora shanu daji, don kada su shiga gonakin mutane, haka ake yi kowace shekara. Na kira lambar, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na ce yaushe zai dawo? Ya ce sai an cire amfanin gona.

Kwana uku ina kiran lambar nan kamar mai lazimi. Ranar Litinin na hau mota zuwa Birnin Kebbi, ofishin kamfanin waya, ko za su sabunta mana layin. Suka ce sai mai layin ya zo da kansa ya dangwala yatsa, kuma gaskiyarsu ne. Na biya ta Kalgo na tambaya a cibiya ko ana canza lamba. Ma'aikaciyar da ke kan kwamfuta, wata mai suna Rahila da muka saba aiki tare, ta ce, "Baba, ka fi ni sani. Layin da aka fara da shi, da shi ake gamawa." Manu ya ce zai shiga daji ya nemi baffansa. Na hana shi. Bai san inda suka sauka ba, kuma idan ya ɓace ya zama na rasa layi na rasa yatsa.

Ranar Talata na ɗauki babur na nufi rugarsu. Na tarar da Malam Sambo a gindin wata bishiya da dattawa uku. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura da nono, muka yi gaisuwa mai tsawo, ruwa da gona da lafiyar dabbobi. Da na kawo maganar, sai ya juya fuska yana kallon gona.

"Wagga magana Altine ad da ita," ya ce.

"To ina Altine yat tahi?"

"Daji ba shi da ƙohwa, Malam. Zamanin ga kuwa makiyayi ba ya hwaɗin inda yas sauka."

Na san yana da gaskiya a nan ma, don daji ya lalace, kowa yana ɓoye sawunsa. Amma na ga kwana uku ne suka rage, mutumin kuma yana kallon gero kamar labarin ɗan maƙwabci nake ba shi. Raina ya ɓaci, na yi abin da ba a yi.

Na ce, "Malam Sambo, ɗanka nika magana, ɗanka Manu. Ranar Juma'a ƙarhe huɗu, in layin ga bai zo Kalgo ba, makin da yas samu ya zama takardar ƙunshe ƙosai. Kunya ba ta kai shi jami'a."

Ɗaya daga cikin dattawan ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Malam Sambo bai ko dube ni ba. Na sha sauran furar don kada a ce na raina abincinsu, na hau babur na dawo ina zagin kaina, ga laifi nawa ga kuma na je na ci mutuncin dattijo a gaban tsaransa.

Laraba da hantsi Manu ya zo. Ya ce innarsa ta ce tun kafin asuba uban ya ɗauki sanda da goran ruwa ya fita, bai gaya wa kowa inda za shi ba, wayarsa ma ya bar ta a gida. Ba mu da abin yi sai jira. Alhamis ta wuce shiru. Juma'a da safe na sa kwamfutata a jaka, da ƙaramar wayar nan cike da caji, da takardun Manu duka, na ce mu tafi Kalgo mu zauna. Wuri da lokaci na riga na faɗa a kunnen Malam Sambo, idan zai zo can zai zo.

Cibiyar ta cika maƙil, don ba mu kaɗai muka bar aiki sai ranar ƙarshe ba. Na karɓi lambar jira, kuma duk lokacin da aka zo kanmu sai in ce na baya ya wuce. Na buɗe shafin jami'ar a kwamfutata na cike duk abin da zai ciku, ya rage canjin kawai. Aka tafi masallaci aka dawo. Ƙarfe biyu da rabi. Ƙarfe uku. Manu yana tsaye a bakin titi, duk kabu-kabun da ya tsaya sai ya leƙa fuskar wanda aka ɗauko. Ni na daina duba agogo, sai agogon ya koma cikin ƙirjina.

Uku da kwata wani babur ya tsaya, Malam Sambo ya sauko. Laka har gwiwa, takalmi ɗaya ya tsinke ya ɗaure shi da igiya, leɓensa ya bushe. Ya wuce ɗansa kamar bai gan shi ba, ya zo wurina, ya ciro wani ƙullin leda daga cikin hularsa.

"Ga saƙon Altine," ya ce. Ya koma gefe ya tsuguna a jikin bango.

Wayar Altine ce a ciki, ba caji, amma wannan ba komai. Na ɓalle bayanta na cire layin, ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa, Manu ya tsince shi. Na sa a tawa na kunna. Sabis ya kawo. Na kutsa cikin mutane ina ba da haƙuri, Rahila ta hango ni ta ce a ba mu hanya. Manu ya dangwala yatsa, na'ura ta karɓa. Ta zaɓi jami'ar, ta zaɓi likitanci, ta danna a turo lamba. Uku da rabi saura kaɗan.

Wayar ta yi ƙara. Muka sunkuya mu uku. Tallar waƙa ce. Ta sake ƙara, tallar garaɓasar kati. Layin ya yi wata biyu ba ya kan sabis, duk tarkacen saƙonnin da suka taru suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, ga kuma duk ƙasar nan ana neman lamba a wannan sa'a. Ina buɗewa ina gogewa. Mintocin lambar suka ƙare, Rahila ta sake nema. Na baya suka fara hayaniya, wani yana cewa tsoho ya kama kujera kamar ta gado. Na fita da wayar waje na ɗaga ta sama, na dawo, na kashe na kunna. Saura minti goma sha biyu ta nema karo na uku. Manu bai ɗauke yatsansa daga kusa da na'urar ba, kamar za a sake ce masa ya dangwala. Ƙara, talla. Ƙara, talla. Daga nan wayar ta yi shiru gaba ɗaya.

Rahila ta dubi agogon bango, ta dube ni. Na buɗe kwamfutata na sabunta shafin jami'ar. An rufe.

Na fita na tsuguna kusa da Malam Sambo na ce masa ba a samu ba. Na ce laifina ne, ni na karɓi lambar Altine, ni na sa ƙaramar makaranta, ni na mayar da layin da hannuna. Ya gyara zaman hularsa. Sannan ya ce, "Allah ya sa haka shi ne alheri," ya tambaye ni inda ake alwala.

Mota ɗaya muka shiga zuwa Gwandu, uban a gaba, mu a baya. Mun wuce Birnin Kebbi da kaɗan wayar ta yi ƙara a aljihuna sau uku a jere. Na ciro. Lambobin ne, duka ukun. Manu ya karɓa ya duba, ya karanta ta farko a fili, lamba shida, a hankali, sannan ya miƙo mini.

Na rubuta wa jami'ar takardar roƙo, na bi ta da ƙafa, aka karɓe ni da mutunci aka ce doka ce, kuma masu maki irin nasa da suka cike a kan lokaci sun fi guraben yawa. Manu ya ƙi shiga ƙaramar makarantar, ya ce zai sake zama. Shekara ta zagayo, ya yi karatu kamar zai haɗiye littattafan, amma zazzaɓi ya kama shi a makon jarrabawa, ya fito da ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Ya sake a shekara ta uku, bai kai ba. Jarrabawar nan ba rijiya ba ce da za ka koma kullum ka tarar da ruwa inda ka bar shi. Daga ƙarshe ya shiga makarantar koyon aikin lafiya, ya yi shekarunsa ya fito.

Yanzu yana aiki a wani ƙaramin asibiti a yankinsu, kuma mutane suna yabonsa ƙwarai. Watan jiya jiri ya dame ni, na biya ta wurinsa a duba mini jini. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, bai taɓa nuna mini komai a fuska ba. Yana naɗa mini abin awo a hannu sai wata tsohuwa ta leƙo da jikarta a goye.

"Likita, in shigo?"

"Shigo, Inna," ya ce. "Amma ni ba likita ba na."

Ya ci gaba da matsa abin awon yana kallon allurar ma'aunin. Ya ce jinina ya hau sosai, ya tambaye ni ko akwai abin da ke damuna. Na ce masa babu.